Kunu a Butar Alwala

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi daga Funtuwa zuwa Gusau, aka ce kowane gari ya ba da maza su sare daji, su ɗauki ƙasa a kwando. Mai unguwar su Sahabi a Bungudu ya tara nasa mutanen, ya ɗora Sahabi a kansu, don ɗan ƙanwarsa ne, kuma yana da murya. Aka tura su wajen Tsafe. Tsafe kuwa garin surukansa ne, matarsa Wasila tana can gidan ubanta tana wankan jego na ɗan fari. Kowa ya ce Sahabi ya taki sa'a, zai kwana a zauren surukinsa maimakon bukkar lebura.

Bawa, uban Wasila, mahauci ne, kuma dangin Sahabi ba su taɓa yafe masa wannan ba. Tun ranar ɗaurin aure suke faɗin ɗansu ya faɗa gidan wuƙa da ƙuda, gidan da ba a san kunya ba. Saboda haka Sahabi ya iso Tsafe da niyyar ya koya wa mahauta yadda ɗan asali yake. Kowa ya san suruki ba ya cin abinci a gaban surukansa. Mai hankali yakan jira a watse, ya ci gefen tuwo, ya goge baki, ya mayar da saura, ya ci kuma ya yi kunya. Sahabi ya raina wannan. Shi akushi ya shigo masa a rufe, ya koma a rufe. A wurin aiki ma ba ya ci, wai shugaba ba ya tsugunawa bakin hanya yana dama fura da masu ɗaukar kwando. Abin da ke shiga bakinsa goro ne, da garin taba da yake cusawa a leɓe, sai ɗan dintsin gyaɗa da yake tauna a ɓoye kamar ɓarawo.

Iya, uwar Wasila, ta ɗauki abin gasa. Duk ranar da akushi ya dawo a rufe sai ta ce girkin ne bai kai ba, gobe ta ƙara nama. Ta yi masa dambun nama, ta yi farfesun kai, ta zuba yaji har mai ɗaukar akushin na atishawa. Duka suka dawo. Maƙwabta suka fara shigowa kallo, Iya na buɗe musu murfi kamar mai nuna lefe, tana cewa su duba, ko yatsa bai sa ba. Matan su riƙe haɓa, su ce lalle wannan yaro an haife shi, sa'an nan su zauna su cinye. Babu wadda ta tambayi abin da yake ci. Mutum na bushewa a zaure kamar kilishi a rana, su kuwa suna yi masa kirari da maiƙon namansa a bakinsu.

Sahabi ya daɗe da zafin ciki. Tun a Bungudu yakan dafe ƙasan ƙirjinsa, daidai inda haƙarƙari suka rabu, ya ce wuta ce ke ci. A can Wasila ta san yadda take lallaɓa shi: kunu da safe, tuwo mai laushi da rana, ba ta barin cikin ya wuni wayam. A Tsafe wutar ta sami sarari. Maganinsa ɗaya ne, ya jiƙa jar kanwa a ƙoƙo ya shanye, ya yi gyatsar da ake ji har ɗakin jego, ya ce alhamdu lillahi, ta mutu. Kafin a kira salla ta gaba ta dawo, ta fi da.

Wasila na jin gyatsar nan daga ɗaki, ta kuwa san abin da ke faruwa a cikinsa kamar tana gani. Ta taso tana wankin kayan cikin dabbobi a bayan gidan ubanta. A tumbin rago akwai jaka ta ƙarshe wadda ruwanta ke da tsami, tsamin da ke sa kaushin hannu zogi. In ɗan akuya mai shan nono aka yanka, akan tarar ruwan ya daskarar da nonon ya zama gudaji. Tana yarinya ta taɓa tambayar Bawa, in ruwan nan yana narkar da abin da aka haɗiya, me ya hana shi cin jakar, ita ma ba nama ba ce? Bawa ya juya jakar ciki waje, ya shafa da babban yatsa, ya nuna mata yauƙin da ya lulluɓe ta, mai santsi kamar na kuɓewa. Ya ce wannan shi ne yaɓe. Ɗakin ƙasa ba ya tsoron damina muddin yaɓensa na nan, inda yaɓe ya zube nan ruwa ke samun ƙofa. Ta lasa, irin na yara. Ruwan tsami ne zalla, yauƙin kuwa babu tsami a cikinsa, sai ɗan gishiri-gishiri kamar kanwar da aka sirka da ruwa mai yawa. Ashe jakar na yin tata kanwar da kanta, daidai gwargwado, tana riƙe ta a jikin bango inda ake bukata. Ta kuma sha ganin ragunan da aka koro daga nesa ba ci ba hutu. A jakar wasunsu akan sami inda yauƙin ya ƙare, naman ya yi rami, bakinsa ja, tsakiyarsa baƙi, wani har da jini a kwance.

Kanwar ƙoƙo kuwa daga tukunya ta san ta. In miyar sure, wato yakuwa, ta yi tsami a jefa mata kanwa, ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Amma tukunya ba ta sake kawo tsami da kanta. Ciki kuwa rijiya ne, a kwashe ya kawo. A nata lissafin, goro na kiran ruwan tsamin, taba na busar da yauƙin, ga babu abincin da tsamin zai yi aiki a kansa. To me zai ci in ba bango ba?

Sanin bai amfane ta da komai ba, don ita ma kunyar ta ɗaure ta. Mai jego a gidan ubanta ba ta zuwa zaure wurin mijinta, ba ta ambatar sa, in ma an ambace shi sai ta sunkuyar da kai kamar an yi saɓo. Ta gwada gaya wa Iya a kaikaice cewa baƙon zaure ba ya son yaji. Iya ta ce ai ba ci yake yi ba balle yaji ya dame shi, kuma ita ba za ta aika wa suruki da abincin majinyata a yi da ita a gari ba.

Akwai danga tsakanin turken awaki da bayan zaure, inda Sahabi ke zama bayan la'asar yana wanke ƙafa. Wata rana Wasila ta fito da dusa a ƙwarya, ta tsuguna gaban wata akuya, ta ce da ita, murya ƙasa-ƙasa:

"Ke wagga akuya, taurin kanki ya isa. An ba ki, kin ƙi ci. In kin mutu wa za ya riƙa ɗanki?"

Can Sahabi ya yi gyaran murya, ya fuskanci jakin Bawa da ke ɗaure a gefe.

"Kai jaki, gaya ma masu magana, mu ba a haife mu gidan da ake cika baki gaban manya ba."

"Akuya, ai ba gaban manya munka ce ba. Akwai buta gindin magarya, ta duma, da jan zare a wuya. Wanda ya zagaya da buta babu mai tambayar shi mi ya tafi yi."

"Jaki, ka ji rainin wayo. A abin zagayawa za a ba mutum abinci?"

"Sabuwa ce, akuya. Ko ruwa ba ta taɓa gani ba."

Jaki bai sami wani saƙo ba. Amma da magariba Wasila ta zo zubar da ruwan wanka, ta ɗaga butar ta ji ta sakayau.

Haka aka yi ta yi. Takan dama kunun gero ba tsamiya ba yaji, ta tatsi akuya ta zuba madara, ta ƙara ɗan ruwan busasshiyar kuɓewa da ta jiƙa don ya yi santsi, ta tace shi ya yi ruwa yadda zai bi ta wuyan buta. Ta ajiye da asuba, ta aje wani don la'asar, wani don magariba. Shi kuwa ɗan asalin Bungudu, wanda ya fi ƙarfin akushi, sai ya ɗauki buta da fuskar mai uzuri, ya zagaya bayan juji, ya tsuguna cikin tumfafiya yana zuƙar kunu kamar jinjiri, yana waige-waige. In ya dawo har da yarfe hannu, don a ga ya yi tsarki.

Wutar ta lafa. Gyatsa ta ragu, ƙoƙon kanwa ya yi ƙura, muryarsa ta dawo a wurin aiki har masu kwando suka fara cewa gara lokacin da yake ciwo. Akushin Iya dai na nan yana dawowa a rufe, sai kirarin ya ƙaru. Yanzu abin ya wuce kunya, wasu na cewa akwai baiwa, mutum ba ya ci amma kumatunsa na cikowa. Wasu suka lura da yawan zagayawarsa, suka ce ka ga mai kula da tsarki. Sahabi na jin duk wannan, yana sunkuyar da kai yana cewa a daina, ba komai ba ne, tarbiyya ce kawai.

Ranar wata Alhamis Malam Usman, limamin unguwa, ya biyo ta ƙofar gidan Bawa, magariba ta riske shi nan tare da wasu dattawa. Ya ce a ba shi ruwa ya yi alwala. Butar Bawa na cikin gida, ga wata a gindin magarya, sai Bawa ya miƙa hannu ya ɗauko, ya tsuguna don ya zuba wa malam da kansa. Sahabi na zaune a kan buzu, ya ga jan zaren. Malam ya yi bisimilla ya tara hannu.

Abin da ya zubo fari ne, yana ja kamar igiya. Malam Usman ya ɗaga hannunsa ya duba, ya sansana.

"Bawa, ruwan gidanka da kauri yake."

Bawa ya dangwala ya lasa. "Da ɗumi ma, Malam. Har da madara."

"To ban taɓa karanta alwala da wannan ba, amma ka ƙaro in wanke baki."

Dattawa suka fashe da dariya, wani har yana riƙe ciki. Ba a bukaci tambayar mai buta ba, duk unguwar ta san wanda ke yawo da ita safe da yamma. Wani tsoho ya ce ashe tsarkin na ciki ne. Bawa ya so ya rufe maganar, ya ce yaro ne, ciki kuma ba ya jin kirari, a bar ta nan. Da an bar ta nan, da ta wuce a dariya. Amma labari ya riga ya shiga gida, sai ga muryar Iya daga bayan zaure, tana yi kamar da 'yan mata take, tana cewa ita ta ƙona itacenta, ta ƙarar da namanta, ashe girkinta ne ba a so, an fi son na bayan juji.

Sahabi ya miƙe. Fuskarsa ta yi toka-toka. Ya ce shi bai san da wani kunu ba, wautar mata ce, wa ya san abin da suke zubawa a butoci. Babu wanda ya tanka, wannan shirun ne ya ƙarasa shi. Ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, ba ni ƙara sa abinci bakina a ƙasar Tsafe. Kowa ya shaida."

Malam Usman ya goge hannunsa da ganye, ya ce masa ya zauna. Ya ce rantsuwar fushi tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma, shi ke nan, Allah bai ce mutum ya kashe kansa ba. Bawa ya ce shi zai yanka, a ciyar da ashirin ma. Sahabi ya ce a gidansu ba a haɗiye magana bayan an tofar. Kuma ai aikin ya kusa ƙarewa, kwanaki kaɗan suka rage a sallami mutanen Bungudu. Wasu daga cikin dattawan da suka gama dariya suka gyaɗa kai, suka ce namiji ke nan. Su dai an ba su abin faɗi na biyu a yamma ɗaya.

Sahabi da kansa ya yi wa kansa fatawa cewa goro ba abinci ba ne, taba ba abinci ba ce, jiƙon kanwa kuwa magani ne. Wato duk abin da ke rushe bangon ya halatta, abin da ke yaɓe shi ya haramta. Gyaɗar aljihu ma ya zubar wa kaji a gaban mutane. Wasila ta koma wurin akuya da dusa, ta yi mata magana har sau biyu, ta roƙe ta da girman Allah. Jaki bai amsa ba. Ta ajiye buta a gindin magarya, ta tarar da ita cike, ƙudaje na bin wuyanta. Daga ɗaki tana jin gyatsar ta dawo, sa'an nan ta ji ta koma wani nishi gajere, irin na wanda ke danne ciki da gwiwa.

Sahabi bai kai ranar sallama ba. Da hantsi yana tsaye kan tudun ƙasar da aka tara wa hanya, yana yi wa wani mai kwando tsawa, sai maganar ta tsinke. Ya durƙusa ya yi amai, baƙi, da gudaji kamar ƙanzon tukunyar da ta ƙone. Na biyun ja ne. Mutanen Bungudu suka ɗora shi a kan asabari suka kawo shi zauren Bawa, suka koma da gudu don ba a ba su izinin barin aiki ba.

Zaure ya cika da masu magani. Wani ya ce sammu ne, an ga yaro na tashe. Wani ya ce kanwar ce ta yi kaɗan, a ƙara mata jiƙon maɗaci. Iya ta manta fushinta ta kawo romo mai zafi, yaji na yawo a kai, tana kuka. Malam Usman ya sake karanta masa hukuncin kaffara a hankali, kamar mai koya wa yaro. Sahabi na kwance, leɓɓansa sun yi fari, gumi mai sanyi na bin goshinsa. Duk abin da aka kawo kusa da bakinsa sai ya datse haƙora.

"Ba a ƙasar Tsafe ba," in ji shi. Iyakar abin da yake iya faɗi ke nan, kuma har a lokacin yana duba fuskokin mutane ya ga ko sun ji.

Sai ga Wasila a ƙofar zaure, da goyo a baya, da mayafi har goshi. Mai jego ba ta taɓa tako nan ba. Ba ta dubi inda mijinta yake ba. Ta durƙusa gaban ubanta, idonta a ƙasa.

"Baba, a ara mani jaki."

Bawa ya dube ta, ya dubi na kwance, ya gane. In ƙasar Tsafe ce ta hana shi ci, sai a fitar da shi daga ƙasar Tsafe. Ya tashi ya ɗaura wa jaki akumari da hannunsa. Ya ɗauki sandarsa zai raka su, sai ya tuna in yana wurin ko a Makka ne surukin nan ba zai buɗe baki ba, ya jingine sandar yana tsaki. Aka ɗora Sahabi, aka ɗaure shi da rawaninsa a jikin akumari don kada ya zame. Matan unguwa suka leƙo ta kan danga. Wata ta ce jego bai cika ba an kama hanya, 'yan matan yanzu ba kunya. Wasila ta ja igiya.

Suka bi hanyar Gusau. Niyyarta su kai ƙasar Kwatarkwashi, inda ba mai cewa Tsafe ce, in ya samu ya ci su ƙarasa Gusau wurin wata gwaggonta, daga nan Bungudu. Amma tafiyar mai goyo da jaki mai ɗauke da majinyaci ba tafiya ba ce. Rana ta take, jinjiri na kuka, Sahabi na lilo a kan jaki, kansa na faɗowa kan ƙirji. Ya sake yin amai, kaɗan, ja. Ta ɗaga fatar idonsa ta ga cikinta fari fat. Ta sha ganin wannan farin a idon dabbar da jini ya gama fita daga jikinta. Ta duba gaba, babu alamar duwatsun Kwatarkwashi, ko rabin rabi ba su yi ba. Ta san ba zai kai ba.

A gefen hanya, bayan wani busasshen kwazazzabo, akwai ruga. Wata Bafulatana mai suna Adama, wadda Wasila ta sani tana kawo nono kasuwar Tsafe, tana zaune gindin kirya da ƙwaryar madarar da ba a daɗe da tatsa ba. Wasila ta ja jaki inuwa, ta kwance rawanin, su biyu suka sauke shi suka jingina shi da itacen. A gurguje, cikin raɗa, ta ba ta labarin rantsuwar, ta roƙe ta ta ce nan ƙasar Kwatarkwashi ce.

Adama ta dubi Sahabi sama da ƙasa. Ba ta rage murya ba.

"Mu aka sani da kunya, ɗiyata. Na ga wanda ya kwana da yunwa gidan surukai, na ga wanda ya ƙi shan ruwa gaban uwar matarsa. Amma ban taɓa ganin wanda ya ji kunyar ƙasa ba. Ita ƙasar ta ce tana kallon shi?"

"Inna, don Allah."

"Ba ni ƙarya a kan madara. Mu shanu munka biyo, ba mu tambayi sunan wuri ba. In kina da abin faɗi, bakinki na nan."

Amma ta ɗebo madara a ƙaramin ƙoƙo ta miƙa mata.

Wasila ta riƙe ƙoƙon. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ba ta kuma taɓa duban tsakiyar idonsa da rana ba. Ta tsuguna, ta dube shi.

"Malam, mun ƙetare."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Ina iyakar?"

"Kwazazzabon da munka wuce."

Sahabi ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Ya bi ta da ƙafa lokacin neman aure, ya bi ta da kayan biki, ya bi ta da mutanensa zuwa aiki. Ya san babu wata iyaka a kwazazzabon nan. Dutsen Tsafe na tsaye a bayansu ƙato, in mutum ya waiga sai ya cika masa ido. Ya dubi Wasila, ya dubi madarar da kumfarta bai gama kwanciya ba, ya dubi Adama ya ga ko tana da alamar mai kai labari gari. Sa'an nan ya gyara zama a hankali, yadda bayansa zai fuskanci dutsen sosai. Ya lalubi gabansa da ido har ya sami wani suri a tsakiyar gona, tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna shi.

"Haka ne. Ga dutsen Kwatarkwashi can."

Adama ta kare ido da hannu ta duba surin da kyau.

"Awo, shi ne. Ya ɗan rame bana. Wataƙila shi ma gidan surukai ya sauka."

Sahabi ya yi kamar bai ji ba. Wasila ta kai ƙoƙon bakinsa, ta ba shi kurɓi ɗaya ta janye, ta jira. Bai amayo shi ba. Ta ƙara masa ɗaya, ta sake jira. Ya kai hannu zai riƙe ƙoƙon ya kwankwaɗe, ta ture hannun, ta ce kaɗan-kaɗan, bangon da ya jiƙe ba a jibga masa yaɓe gaba ɗaya. Ya bari. Ta laluba aljihunsa ta kwashe goro da ƙullin taba da guntun kanwa, ta zuba wa Adama a ƙwarya. Haka suka yi har rana ta karkata, kurɓi da jira, kurɓi da jira, jinjiri na barci a kan zani, jaki na cin ƙaiƙayi.

Jinin ya tsaya. Adama ta ba su bukkar da take ajiye ƙore, suka zauna nan yana shan madara da kunu marar tsami har ya iya zama a kan jaki ba ɗauri. Duk kwanakin nan bai waiga gabas, wajen dutsen Tsafe, ba ko sau ɗaya sai in salla ta tilasta shi, a lokacin ma idonsa a rufe.

Ranar da za su tashi, Wasila na ɗaura kaya, sai ya yi gyaran murya. Bai dube ta ba, yana gyara naɗin rawaninsa. Ya ce in sun isa Bungudu kada ta wahalar da kanta da bayani, mace ba ta iya jera magana ba. Shi zai ba da labarin yadda aka yi.